Darasin Girki: Kwaɗon Kokwamba da Tumatir Irin na Jamus

'Yan'uwa, a ƙasar Jamus ana cin wani kwaɗo da suke kira Gurkensalat, wato kwaɗon kokwamba. Sukan ajiye shi a gefen dankali, kifi ko soyayyen nama. Suna haɗa shi da kirim mai tsami da wani ganye mai ƙanshi da ake kira dil. A wurinmu kindirmo mai kauri zai yi aikin kirim ɗin.

Kayan haɗi (na mutum 4)

Kokwamba 2, tumatir 3 masu ƙarfi, ƙaramar albasa 1, kindirmo babban cokali 4, ruwan lemun tsami babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, sukari kaɗan.

Yadda ake yi

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke kayan lambun da ruwan da aka tafasa ya huce.
2. A fere kokwamba, a yanka siriri sosai.
3. A barbaɗa gishiri, a rufe, a bari minti 20, sannan a matse a zubar da ruwan. Kada a tsallake wannan mataki. Kusan kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne. In ba gishiri ya janyo shi tun farko ba, kindirmon zai tsinke, kwaɗon ya yi salam.
4. A cire 'ya'yan tumatir, a yanka tare da albasa.
5. A dama kindirmo da lemun tsami da sukari, a zuba a kai, a juya a hankali.

Abin lura

Wannan abinci ba ya hawa wuta, don haka tsabta ce kaɗai garkuwarsa. A shekarar 2011 cutar gudawa mai jini ta ɓarke a Jamus, fiye da mutum 50 suka rasu. Da farko an zargi kokwamba, daga baya aka gano tsiron hulba ne da aka ci ɗanye. A yi kindirmon da madarar da aka tafasa. In babu firji, a cinye kwaɗon cikin awa 2. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Da wane ruwa ake ban-ruwan lambunmu?
2. Wa muka sani yana tafasa madara kafin ya yi kindirmo?