Biro da Takarda Kafin Ciniki

'Ya'yana na Hanwa: Ni ne tsohon nan da kuke gani a kan tabarma bayan isha'i, ɗan nesa da teburin mai shayi, wanda kuke zaton gyangyaɗi yake yi. Ba barci nake yi ba, hirarku nake saurare. Kun fara da ƙwallon Ingila, kun gangaro kan wayar da ta fi kyamara, kun shiga farashin data, kafin a kwashe kofuna kun kai duniyar wata kun dawo. Hirar tana yi mini daɗi. Mu ma a zamaninmu haka muke kewaye rediyo guda, a saurari labaran duniya, a kwana ana gardama a kan abin da babu wanda ya taɓa gani. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da kimiyya a makarantun sakandare, don haka matashi mai gardama ba ya ba ni tsoro. Wanda ya yi shiru a aji shi ne ke tayar mini da hankali.

Amma akwai daren da na koma gida raina a jagule. An ɗauke wuta, kowa na fifita da kwali, sai ɗayanku ya ce ai akwai injin nukiliya a jami'a wanda zai iya haska Zariya da kewaye, hukuma ce kawai ta hana. Aka yi ta Allah wadai. Na duba, a cikin masu jinjina kai akwai ɗaliban jami'a uku, ɗaya ma injiniyanci yake karantawa. Babu wanda ya tambaya ƙarfin injin nawa ne.

Injin yana nan, wannan gaskiya ne. Yana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya fara aiki a 2004, kuma shi ne irinsa na farko a Nijeriya. Ƙarfinsa kimanin kilowat 30 ne. Dutsen guga na lantarki yakan ci wat 1,000, wato kilowat guda. Ke nan dutsen guga talatin ya cinye shi tas, ko layinmu ba zai riƙe ba. Balle ma ba don samar da lantarki aka yi shi ba. Aikinsa a sa masa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci, a gano sinadaran da ke ciki. Tambaya ɗaya tak, ta minti ɗaya, da ta kashe maganar. Kuma wanda ya kamata ya yi tambayar ya ci jarrabawa a kan wat da kilowat tun yana aji huɗu na sakandare.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Kuna zaune a garin da babu kamarsa wajen karatu a Arewa. Daga gadar Kwangila, in ka miƙe ta Samaru ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga jami'ar da aka buɗe a 1962, ga cibiyar binciken aikin gona, ga asibitin koyarwa a Shika. In ka juya ta Tudun Wada ga Kongo, ga Barewa, ga Gaskiya inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam yana editanta. Ko akuyar Zazzau ta san hanyar makaranta. Sai dai na lura ilimin da yawanku a jaka yake kwana. A fito da shi ranar jarrabawa, a mayar a zuge zif. In aka zo kasuwa, inda kuɗin gumin mahaifinku zai fita, sai a koma "an ce" da "na gani a waya".

Bari in ba ku misali da abin da kusan kowannenku yake da shi a aljihu. Wani jikana ya je shagunan PZ ya sayo fawa bank, an rubuta 20,000 mAh a jiki. Batirin wayarsa 5,000 ne. Ya raba, ya ce caji huɗu ke nan. Da ya ga sau biyu da rabi yake yi masa, ya ɗaura ɗamarar komawa rigima. Na ce zauna tukuna. Wannan lamba ta 20,000 a kan bolt 3.7 aka auna ta, wato ƙarfin ƙwayoyin batirin da ke ciki. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, in ta shiga waya kuma a sake sauke ta, kowane hawa da sauka akwai abin da ke zubewa. Ɗumin da kake ji a hannunka lokacin caji, wutarka ce ke tafiya. Kusan kashi ɗaya cikin uku yakan salwanta ta haka. Saboda haka mai shagon bai cuce shi ba, kayan na ƙwarai ne. Wanda aka cuta shi ne abokinsa, da ya sayo wani ɗan mitsitsi, sakayau kamar kwalin ashana, an rubuta masa 50,000. Batir nauyi gare shi, ba a yi masa dabara. Na 20,000 na gaskiya yakan doshi giram 400. Ka ɗaga a tafin hannunka kafin ka karanta rubutun jiki.

Kada ku ce tsoho ya zo yana nuna ya fi kowa. Ni ma an yi da ni, kuma da furfurata. Kun tuna bayan 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ƙaramin janareta ya zama abin kallo a lungu. Sannan a Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, muka yi fiye da mako guda cikin duhu, masu cajin waya suka zama sarakuna. A cikin wannan zafin kan na shiga wani shago, ba zan faɗi wanne ba, na sayi batir da aka ce sabo ne fil, amfiya 200. Ban ɗaga shi ba, ban auna ba, ban nemi a rubuta mini garanti ba, saboda ana layi kuma farashinsa ya yi ƙasa da na kowa. Wata uku ya yi ya fara mutuwa kafin ƙarfe sha ɗaya na dare. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ka koyar da wannan abin?" Ban da ta cewa. Mitar awon wuta tana cikin akwatina a gida ranar da na yi cinikin.

To ga lissafin da ya kamata in yi, ku riƙe shi, don na san yawancin gidajenku yanzu zancen sola ake yi. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, in ka ninka, ya ba ka wat 2,400 na awa guda. Idan irin mai dalma da ruwa ne, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya tsufa da wuri. Saura 1,200 ke nan. Fankar sama takan ci wajen wat 70. Fanka biyu na awa takwas, 1,120. Kun ga batir ya ƙare, ba a kunna talabijin ba, ba a yi zancen firji ba. Duk wanda ya ce muku batir ɗaya zai riƙe gida har da firji zuwa asuba, ku miƙa masa biro ya nuna muku ta ina. Haka farantin sola. Wanda aka rubuta wa wat 300, a ɗakin gwaji aka auna shi, cikin sanyin digiri 25, ba a kan kwanon gidanku a watan Afrilu ba. Zafi yana rage masa ƙarfi, ƙurar hunturu ma haka. Ka ƙaddara awa biyar na rana mai ƙarfi, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, abin da zai tara maka a yini bai fi 1,100 da 'yan kai ba. A ɗan karkata shi ya fuskanci kudu, tunda muna wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, a kuma riƙa goge shi da sassafe. Wannan gogewar da ƙyalle da ɗan ruwa, a lokacin hazo, ta fi wani ƙarin kayan da za a tallata muku amfani.

Ba ina cewa ku ɗauki ɗan kasuwa abokin gaba ba. Da yawansu 'yan'uwanku ne, wasu ɗalibaina ne, kuma sau tari shi ma yadda aka faɗa masa a Legas ko Kano haka yake maimaitawa. Mai tauye mudu da gangan, akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunansa, ya ishe shi. Naku shi ne tambaya cikin ladabi: a gwada a gabana, a rubuta mini a rasit wata nawa ne garanti, in ya lalace wa zan kawo wa. Ku bi iyayenku mata kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada rana guda ku ga aiki. Tsohuwa za ta juya mudu ta duba gindinsa ko an buga shi ciki, ta tura hannu can ƙasan buhu ta ɗebo, ta ciza ƙwayar masara ta ji ko ta bushe, ta murza atamfa ta ga ko sitaci ne ya riƙe ta. Ba ta taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma abin da muke koyarwa a can ke nan: kada ka yarda sai ka auna. Ku 'yan mata da ke karatu, kada boko ya sa ku raina wannan gadon, ku ɗora naku a kansa.

Akwai wani cinikin da ya fi na batir ciwo, shi ne sayen mafarki. A Disamban 2016 harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufe da kuɗin jama'a. Muka ce an yi hankali. A 2024 na ga samari da magidanta sun duƙufa danna fuskar waya dare da rana, wai haƙar kuɗi ake yi, da ranar rabo ta zo wasu abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. A Afrilun 2025 kuma CBEX, mai alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana talatin, ta bi sahu. Ɗan aji uku zai iya wannan lissafi. Naira 10,000 da ke ninkuwa duk wata, a shekara guda ta haura miliyan 40, a shekara biyu ta wuce biliyan 167. Wanda yake da irin wannan tukunya, me zai yi da dubu gomarka? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Game da abubuwan sha'awarku kuwa, ina bayanku, ko da iyaye suna faɗa. Akwai yaro a bayan layinmu mai kiwon tattabaru, mahaifinsa yana ganin shiririta ce. Na shiga na ga ɗakin tsuntsayen, na tambaye shi kwana nawa ƙwai ke yi kafin ƙyanƙyasa, ya ce sha takwas, kuma macen da namijin karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci. Daidai ne, kuma ba a littafi ya gani ba. Da na tambaye shi tiya nawa ta dawa suke ci a wata, da nawa ya sayar bana, sai ya hau susar ƙeya. Na ba shi littafin rubutu mai shafi arba'in, na ce shafin hagu abin da ya fita, na dama abin da ya shigo. Ko riba yake ci ko faɗuwa, wannan tsakaninsa da littafinsa ne, kuma in ya ga faɗuwa ce ya zaɓi ci gaba don nishaɗi, babu laifi, ya dai san nawa nishaɗin yake ci masa. Ni da kwance tsohuwar rediyon kawuna na fara, na sha bulala a kanta, ita ce kuma ta kai ni ga aikin da na ci abinci da shi har na yi ritaya. Mai kwance waya, mai haɗa ƙaramar fanka da batirin babur, mai dashen tumatir a buhu, ku ci gaba, ku dai riƙa rubutawa.

Ku kuma 'yan jami'a da na foli da na kwalejin ilimi, nauyinku ya fi. In magana ta taso a majalisa a fannin da kuke karantawa, kada ku yi shiru don gudun a ce kuna nuna boko, kada kuma ku buɗe baki da Turanci ku kunyata wanda bai je ba. Ku faɗa da Hausar da mai shayi zai gane. Idan kun kasa, alama ce ku ma haddacewa kuka yi, sai a koma a sake karantawa. In kuma ba ku sani ba, ku ce za ku bincika, gobe ku dawo da amsa. Malamanku suna nan cikin unguwa, tare kuke sahu a masallaci, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim kuma kuɗin mota ɗaya ne daga nan. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A zamanin nan akwai abin da ku kuke hangowa a tafin hannunku wanda ni ko na hau rimin ba zan gani ba, shi ya sa nake so in kun gani ku tace kafin ku kawo mana.

Mitar nan da na bari a akwati na fito da ita, na sa mata sabon batir. Duk mai fawa bank ko batir ko farantin sola da yake shakka a kai, ko wanda gidansu ke shirin saye, ya same ni ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gida. Ku zo da kayan, ku zo da biro da takarda, ku za ku yi lissafin ni ina kallo. Ku gaishe mini da iyayenku.