Me ya sa ake hana sayar da ƙananan kifaye da kaguwa?

Wani mai sauraronmu daga Yawuri yana tambaya: wai da gaske ne a wasu ƙasashe ana cin tarar mai shago don ya sayar da ƙaramin kifi ko kaguwa?

To, malam, gaskiya ne. Dalilin shi ne kifin da aka kama tun bai kai yin ƙwai ba, an kama shi ne da zuriyarsa gaba ɗaya. Shi ya sa hukumomi suke sa ma'auni. A jihar Kwinsland ta Ostireliya, kaguwar laka sai faɗin ƙoƙon bayanta ya kai santimita 15, mace kuwa ba a taɓa ta ko ta kai girman faifai. Jami'an kula da kamun kifi kan shiga shaguna da ma'auninsu, su ɗora a bayan kaguwa, wadda ta gaza su ƙwace, tara kuma ta biyo baya.

Ana matsa wa mai shago ne saboda muddin akwai mai saye, masunci ba zai mayar da ƙarami ruwa ba. A ganinmu dabarar ta yi daidai. Ko a tafkin Kainji, taru mai ƙananan idanu shi ne ke kwashe 'ya'yan kifi.

Da fatan malam ya gamsu.