Kafin Ka Zauna Satu

Ɗana, an gaya mini ka haɗa izu sittin, kuma yanzu hankalinka ya koma kan satu, kana so ka rubuta Alƙur'ani da ka. Allah ya yi albarka. Sai dai na ga allon da ka yi wa ƙanenka zayyana, shi ya sa na ce gara mu yi magana tun tawada ba ta taɓa takarda ba. Ado ya yi kyau, ja da rawaya duk sun zauna. Rubutun da ke tsakiya ne bai zauna ba: layin sama haruffa sun sake, na ƙasa sun cunkushe kamar awaki a bakin rijiya.

Fara da alƙalami. Kada ka bari kowa ya fere maka, don hannun wani ba ya san nauyin naka. Nemi busasshen kara, ka fere bakin a karkace, ka tsaga shi kaɗan yadda zai riƙe tawada. Kuma ka fere da yawa a zama ɗaya, bakinsu ɗaya. In guda ya mutu a tsakiyar sumuni, wanda zai gaje shi bai kamata ya sauya kaurin harafi ba. Mai karatu yana ganin wannan sauyin, ko da bai san abin da ya dame shi ba.

Tawadar allo, ta zuge da ƙaro, an yi ta ne don a wanke. Takarda yambari take so, wadda ake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera. Bagaruwa ba ta wuya, ka leƙa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Yambari takan fito fari-fari a farko, sai ta sha iska ta yi baƙi, don haka kada ka yi gaggawar ƙara mata ƙarfe. In ya yi yawa, ita da kanta za ta cinye takardar bayan shekaru.

A Bagadaza an yi wani waziri, Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940. Shi ya sa wa haruffa ma'auni da ɗigon bakin alƙalami, alif ya zama abin da sauran ke bi. Namu rubutun ba nasu ba ne. Mu Warshu muke karantawa, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, kuma hannunmu ya fi kauri, irin na Barno da Kano. Amma dabarar tana nan: tsawon alif ɗinka a Baƙara shi za a tarar a Nasi. Ka ɗauki bugun Sharif Bala Gabari na Kano, wanda almajirai ke ta karatu da shi, ka buɗe farko, ka buɗe ƙarshe. Da wuya ka gane inda ya gaji. Ni a wurina gwanintarsa ke nan, fiye da zanen da ke bakin shafi.

Ka gama baƙi tukuna. Sannan ka dawo da ja ka sa wasali, rawaya ga hamza, kore ga alif ɗin sadarwa. Wannan aikin na safe ne, ido na garau. Yawancin kuren da na gani a rubutun matasa a wasali yake, kuma bayan la'asar aka yi shi. Ka bar wa kumsa da kuri, alamomin ƙidayar ayoyi, gurbinsu tun kana baƙi, kada ka zo kana cusa su daga baya. Tunda ba a ɗinke warƙoƙinmu, kada ka manta da rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin wanda ka gama, saboda ranar da iska za ta watsa su.

In ka kammala sumuni na farko, kada ka nuna wa abokanka, za su ce ya yi. Kai wa gwani mai tsanani, ko a nan Jangeru, ko Zurmi, ko Ƙauran Namoda, ka zauna ya karanta a gabanka. Duk inda ya ɗan tsaya, ko bai ce komai ba, sa alama, ka sake shafin. Zayyana kuwa ka bar ta sai rubu'i da nisfi sun zo. Sauran takardun ka sa su a gafaka, ka rataye nesa da ƙasa, don gara ta ɗakin nan naka ba ta da kunya da damina.