Hawayen Mai Jego: Darasi Domin Iyalanmu

Idan mace ta sauka lafiya a gidajenmu, hankalin kowa yakan koma kan jariri. Ana ta barka, ana shirin suna, ana ɗora ruwan wanka. Amma sau da yawa mukan tarar da mai jego a ɗaka tana hawaye, ita kanta ba ta san dalili ba. Waɗansu sukan ce rashin godiya ne, waɗansu kuwa su ce iska ce ko sammu. Darasinmu na wannan wata zai nuna mana abin da yake faruwa a jikinta, domin kada mu yi mata hukunci cikin rashin sani.

Abin da yake faruwa a jiki

A cikin jini akwai waɗansu sinadarai da likitoci suke kira homon. Aikinsu kamar na 'yan aike ne, suna kai saƙo daga wani sashe na jiki zuwa wani. Biyu daga cikinsu, wato istirojin da furojestaron, su ne suke tafiyar da haila da goyon ciki. Saƙonsu yana kaiwa har ƙwaƙwalwa, inda yake taɓa sinadaran da suke kula da barci, da cin abinci, da kwanciyar rai. Shi ya sa waɗansu mata sukan yi saurin fushi ko kasala idan haila ta kusa.

Lokacin da mace take da ciki, mabiyiya ce take samar da waɗannan sinadarai, har su ninka yadda suke a da sau da yawa. Da zarar mabiyiya ta fita, sai su faɗi ƙasa warwas cikin 'yan kwanaki. Ƙwaƙwalwar da ta saba da yalwarsu wata tara dole ta sake sabon zama, ga kuma rashin barci, ga jinin da aka zubar.

Hali uku da ya kamata mu bambanta

1. Ɓacin ran farkon jego. Yakan fara kwana 2 zuwa 5 bayan haihuwa: kuka ba dalili, fargaba, saurin fushi. Mata da yawa sukan yi shi, yakan kuma wuce da kansa kafin mako 2.

2. Ciwon baƙin ciki na bayan haihuwa. Idan damuwar ta wuce mako 2, mace ta daina jin daɗin kome, ta kasa barci ko da jariri ya yi barci, tana ganin kanta ba ta isa uwa ba, to, wannan ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na masu jego suna fama da matsalar tunani, galibi irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuwa kusan kashi 20 ne. Talauci, da rigimar gida, da gorin haihuwar 'ya mace suna ƙara masa nauyi.

3. Ruɗewar jego. Takan sami mace 1 ko 2 cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko. Sai ta riƙa jin muryoyi, ko ganin abin da babu, ko magana ba kan gado. A kai ta asibiti a ranar, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jariri.

Akwai magani

Tun shekarar 1987 likitoci a Edinbara ta ƙasar Sikotilan suka tsara tambayoyi 10 da suke taimaka wa ma'aikatan lafiya gane wannan ciwo, ana kuwa amfani da su a ƙasashe da yawa. Ana warkewa ta hanyar shawara da mai ilimin abin, ko ta magunguna, waɗansunsu ma ba sa hana shayarwa. A shekarar 2023 Amurka ta amince da ƙwayar farko da aka yi musamman domin wannan ciwo.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Maigida, ka karɓi jariri da dare wani lokaci domin uwargida ta runtsa. Surukai da iyaye mata, ku tambaye ta yadda zuciyarta take, ku kuma saurara ba tare da faɗa ba. 'Yan Zumuntar Mata, kada ziyararku ta ƙare ranar suna, gama bayan baƙi sun watse ne kaɗaici yake shigowa. Mu yi mata addu'a, mu kuma raka ta asibiti, kamar yadda mukan yi wa mai zazzaɓi. Idan ta ambaci mutuwa ko cutar da kanta, kada mu jira gobe.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me mukan ce idan muka ga mai jego tana kuka?
2. Wa take iya gaya wa damuwarta a unguwarmu ba tare da jin kunya ba?

Ubangiji ya ba iyayenmu mata lafiya, ya ba mu zuciyar lura da su. Amin.