Yadda Ake Haɗa Ma'aunin Hasken Altirabayolet Marar Batir

Bariyom titanet, sinadarin da ake haɗa wannan ma'auni da shi, yana cikin dangin ferobskait, wato sinadaran da tsarin ƙwayoyinsu ya yi daidai da na wani ma'adini da Gustav Rose ya bayyana a 1839 daga duwatsun Ural na Rasha. Ana ce masa feroelektirik saboda ƙwayar titaniyom da ke cikin kowane gurbi na tsarinsa takan ɗan goce daga tsakiya, sai gurbin ya samu ɓangarori biyu masu saɓanin caji.

Farkon aikin ba ya da wuya. Ana niƙa garin bariyom kabonet tare da na titaniyom dayoksaid, a gasa, a matse shi ya zama ɗan faifai, a sake gasawa a zafin da ya kai wajen digiri 1,300, sannan a goge shi ya yi siriri, a shafa azurfa a ƙasa, a lulluɓe samansa da indiyom-tin oksaid, wanda ke ɗaukar lantarki amma ba ya tare haske.

Faifan da ya fito daga murhu ba ya auna komai tukuna, domin ƙananan yankunan cikinsa kowanne inda ya fuskanta daban, don haka cajinsu yana kashe juna. A wajen daidaita su ake gane gwani. Ana nutsa faifan cikin man silikon mai ɗumi, saboda man yana hana tartsatsi tsallakawa ta gefensa, sannan a riƙa ƙara ƙarfin lantarki sannu a hankali har zuwa 'yan kilobolt a kowane milimita na kaurinsa. Idan akwai ɗan rami da gasawar ba ta toshe ba, wutar takan huda faifan nan take, aikin kwanaki ya lalace, shi ya sa ƙwararrun ma'aikatan ɗakin gwaji ba sa yarda ɗalibi ya yi gaggawa a nan. Ba a katse wutar sai faifan ya huce, kuma idan daga baya zafinsa ya haura wajen digiri 120, daidaiton ya rushe, sai an sake daidaita shi.

Bayan haka, duk lokacin da hasken da tsawon zangonsa bai kai nanomita 390 ba, wato hasken altirabayolet, ya sauka a kansa, elektiron sukan kuɓuce, ƙarfin lantarkin da aka dasa a ciki ya kora su gefe guda, a samu ɗan kwararar wuta da ta isa nuna tashin gobara ko ƙarfin fitilar tsarkake ruwa.