Kiwon Ɓeran Masar: Shimfiɗa Mai Lafiya Da Maganin Wari

Kiwon ɓeran Masar kiwon yara ne. Yaro yakan sayi biyu da ɗan kuɗin da ya tara, ya kafa musu ɗaki a bayan rumbu ko a gefen turke, kafin shekara ta kewayo sun zama garke. Daga nan ne magana takan fita hannun yaro ta koma hannun manya, domin inda dabbobi suka taru a wuri ƙuntatacce wari yakan tashi, wari kuwa ba ya tsayawa a katangar mai shi. Maƙwabci ya yi magana, a yi musu, a dangana ga mai unguwa, wani lokaci har gaban dagaci. An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Babura a masarautar Ringim, da na Kazaure da Roni da Gwiwa a masarautar Kazaure, don su sami abin da za su faɗa wa jama'a in irin wannan ta taso.

Asalin Dabbar

Sunan nan ɓeran Masar suna ne kawai, gama dabbar ba ta da wata dangantaka da ƙasar Masar. Turawan Ingila ma sun laƙaba mata sunan alade da na ƙasar Gini, alhali ba alade ba ce, ba kuma daga Gini ta fito ba. Asalinta duwatsun Andes ne a Amurka ta Kudu, watau ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda mutane suka yi dubban shekaru suna kiwonta. A ƙarni na 16 jiragen ruwa suka kai ta Turai. Likitoci sun ci amfaninta ƙwarai: da ita Robert Koch na Jamus ya yi gwaje-gwajen da suka kai shi ga bayyana ƙwayar cutar tarin fuka a 1882.

Sanin asalin nan yana da amfani, domin ƙasar tudu ce mai sanyi da busasshiyar iska. Zafin da dabbar ta fi jin daɗinsa tsakanin digiri 18 ne da 24 a ma'aunin Selsiyas, in ya haura 30 kuwa tana cikin haɗari. A ƙasar Babura zafin bazara yakan wuce digiri 40. Mai kiwonta a nan yana riƙe da baƙuwa ce wadda ƙasar ba tata ba, saboda haka duk abin da aka shimfiɗa mata, da inda aka ajiye ta, sai an yi da lura.

Inda Wari Yake Fitowa

Mutane da yawa suna zaton kashin dabbar ne ke wari. Ba haka ba ne. Kashin lafiyayyen ɓeran Masar ƙanana ne busassu, ba su da wari sosai. Daga fitsari warin yake. A cikin fitsari akwai wani sinadari da ƙwayoyin cuta suke narkarwa, ya zama iskar nan mai yaji a hanci da ido wadda masana ke kira amoniya. Ita ce ake ji a tsohon makewayi, ko a turken da aka daɗe ba a share ba. Danshi da zafi su ke gaggauta wannan aiki, shi ya sa ɗakin da ake iya haƙuri da shi da hunturu yakan gagari kowa da damina.

Abin lura shi ne, mutum a tsaye yake shaƙar warin, hancinsa yana nesa da ƙasa, ita kuwa dabbar hancinta bai fi inci biyu daga shimfiɗa ba, dare da rana. Amoniya tana ƙona hanyar numfashi, ta buɗe ƙofa ga ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗannan dabbobi. In har maƙwabci ya ji wari daga bayan katanga, to dabbobin sun riga sun daɗe cikin wahala. Ƙarar maƙwabci da lafiyar dabba magani ɗaya suke bukata, watau busasshiyar shimfiɗa da iska mai ratsawa.

Abin Da Za A Shimfiɗa

Ɓeran Masar yana cin abin da yake kwance a kai. Saboda haka duk abin da ba zai ciyu ba lami lafiya, bai cancanci zama shimfiɗa ba.

Mafi kyau a wannan ƙasa shi ne busasshiyar ciyawa mai laushi, irin harkiya, ko kyasuwar da aka yanka tun ba ta fid da kai ba, aka shanya ta a inuwa har ta bushe sarai. Tana da taushi ga ƙafa, dabbar tana ɓuya a cikinta, tana kuma ci, cin ciyawa kuwa wajibi ne gare ta domin haƙoranta ba sa daina tsiro muddin ranta, sai tauna ke rage su. Amma ƙasar rairayi irin ta Babura ƙasar ƙarangiya ce. Lalle a tsince ciyawa da hannu kafin a shimfiɗa, gama ƙarangiya guda ɗaya in ta shiga ido tana iya makantar da dabbar. A kuma duba kada ganyen tumfafiya ko na zurma ko na babba-juji ya shiga cikin damin, dukansu guba ne. Ciyawar gonar da aka yi wa feshin magani kuwa, a bar ta inda take.

Ciyawa ita kaɗai ba ta shan fitsari sosai, sai an yi mata ƙarƙashi. A nan jama'ar ƙasar suna da abin da wasu ke saye da kuɗi, watau yashi. A zuba busasshen yashi mai tsabta, wanda aka tankaɗe ƙurarsa, kaurin inci biyu, sa'an nan a rufe shi da ciyawa kaurin inci biyu ko uku. Yashi ya tsotse fitsari, ciyawa ta raba jikin dabbar da danshi. Wanda ya sami tsofaffin jaridu yana iya shimfiɗa su a madadin yashi. Buhun siminti ko na takin zamani kuwa bai dace ba ko kaɗan.

Ɓawon gyaɗa yana bukatar dogon bayani, domin shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi bayan kaka. Yana shan ruwa, ba a kuwa sayensa da tsada. Aibinsa fumfuna. Gyaɗar da ta sha danshi takan yi wata irin fumfuna mai fid da guba da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, binciken wannan asara ne ya kai ga gano gubar. Ɓawon da fitsari ya jiƙa, ga kuma zafin damina, gona ce ga wannan fumfuna. Wanda zai yi amfani da shi, sai sabo na bana, busasshe, wanda ba shi da baƙi-baƙi ko warin ruma, a sa shi ƙarƙashin ciyawa, a kuma kwashe da zarar ya jiƙe. Wanda ba zai iya wannan kulawa ba gara ya tsaya ga yashi.

Ƙaiƙayin gero da na dawa ba su da amfani a nan, sunansu ma ya isa gargaɗi: suna sa ƙaiƙayi, suna shiga ido da hanci. Ɓuntun shinkafa ya fi su dama in an sheƙe shi, ko da yake ba ya shan ruwa sosai. Dusa abinci ce, in ta jiƙe sai ta yi tsami ta tara ƙudaje. Harawa ma abinci ce, ga tsada, kuma yawaita ta ga manyan dabbobin yana iya jawo musu tsakuwar mafitsara. A ba su kaɗan a ci, kada a shimfiɗa.

Game da garin katako da ake samu wurin kafintoci, mai laushi kamar gari ƙura ce tsantsa, yana toshe hanci. Manyan ɓarɓashin da ake samu wajen fere katako sun fi, in an tabbata itacen ba mai ƙamshi ba ne, ba a kuma shafa masa maganin gara ko fenti ba. Kafinta kuwa sau da yawa tarkacen katako iri-iri yake sharewa wuri guda, shi kansa ba zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba. Auduga da tsummoki masu zare a nisance su, zaren yana naɗe yatsun dabbar, in ta haɗiye kuma ya toshe hanji.

Ɗaki Da Mazauninsa

Wasu sukan yi wa ɓeran Masar daɓen waya irin na kejin zomaye, wai don kashi ya riƙa zubewa ƙasa. Tafin ƙafarsa ba shi da gashi, waya tana cin sa har ya kumbura ya yi gyambo, ƙafa kuma tana iya maƙalewa ta karye. Daɓe mai santsi ake so, na siminti ko na ƙasa da aka daɓe da kyau. Dabba biyu suna bukatar wuri mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2 da rabi. Cunkoso shi ne babban abokin wari, kuma yana zuwa da sauri, gama mace tana ɗaukar ciki kwana 59 zuwa 72, ta haifi biyu zuwa huɗu galibi, tana kuma iya sake ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. Mai gida ya sa yaro ya raba maza da mata, ya sayar da rarar da wurin ba zai ɗauka ba.

A kafa ɗakin a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da madafa da rijiya da ɗakin kwana, kada kuma a jingina shi da katangar maƙwabci. Rufin kwano a tsakiyar rana da bazara tanda ce. Rufin ciyawa ko na kara ya fi. A rufe sama da ragar waya saboda kyanwa da shaho. Fasasshiyar tukunyar ƙasa in an kwantar da ita ta zama maɓoya mai sanyi, da bazara a riƙa yayyafa mata ruwa ta waje. Da hunturu a ƙara kaurin ciyawa, a kare gefen gabas da arewa da zana.

Shara Da Wanki

Dabbobin nan sukan zaɓi kusurwa ɗaya ko biyu su riƙa fitsari. Kowace safiya a kwashe jiƙaƙƙen wurin har yashin da ke ƙarƙashi, a cika da sabo, a kwashe ragowar ɗanyen ganye na jiya. Aikin bai fi na minti biyar ba. Sau ɗaya a mako a kwashe shimfiɗar duka, da damina sau biyu, a wanke daɓen da ruwa da sabulu, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai kafin a mai da dabbobin. Fitsarinsu yakan bar wani farin dasashi mai tauri kamar alli wanda sabulu ba ya fitarwa. Ruwan lemun tsami ko na tsamiya yana narkar da shi.

Akwai al'adar barbaɗa toka a wurin fitsari. Toka tana busar da wuri a ido, amma tana cikin abubuwa masu kaifi irin na kanwa, in ta haɗu da fitsari sai ta ƙara sakin amoniya cikin iska, ga ƙurarta kuma a hancin dabba. Turaren wuta da turaren fesawa suna rufe wari ne ga hancin mutum, fitsarin yana nan inda yake. Maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya suna iya kashe dabbar. Maganin wanke makewayi mai ƙarfin wari, in dole ta sa an yi amfani da shi bayan wata cuta, sai a fitar da dabbobin, a ɗauraye wurin sosai, a bar shi ya sha iska. Ruwan bilic kuwa kada a zuba shi a kan fitsarin da ba a wanke ba, haɗuwarsu tana ta da iska mai cutar da mai wankin.

Abin da aka kwashe taki ne mai kyau. A tara shi a rami nesa da ɗakuna, a riƙa rufewa da ƙasa, bayan ya ruɓe a kai lambu ko gona.

Lafiyar Yara Da Ta Dabbar

Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa dabbobin ko shimfiɗarsu, domin ana iya ɗaukar makero daga jikinsu, da ƙwayoyin cutar gudawa daga kashinsu. Abincinsu a ajiye shi cikin mazubi mai murfi, kada a bar hatsi a warwatse ya jawo ɓerayen gida da na daji. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera ne mai shiga gidaje ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Inda ɓera ya yawaita kuma maciji yana biye.

In an gyara shimfiɗa amma wari bai tafi ba, a duba dabbobin ɗaya ɗaya. Gudawa, ko jini a fitsari, ko majina a hanci, ko ƙin cin abinci, duk alamun ciwo ne. Jikin ɓeran Masar, kamar na ɗan Adam, ba ya iya ƙera bitamin C, har ma da shi ne Axel Holst da Theodor Frølich na ƙasar Nowe suka nuna a 1907 cewa rashin ɗanyen abinci ke kawo ciwon nan mai sa dasashi zub da jini. Saboda haka kullum a ba shi ɗanyen ganye, da ɗan tattasai marar yaji ko gwaiba. Kada kuma wani ya fasa kafso ya zuba masa a ruwa yadda ake yi wa kaji: penisilin da danginsa, irin su ampisilin da amoksisilin, suna kashe ɓeran Masar. A kai shi wurin malamin dabbobi.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda ga dagatai da masu unguwanni, malamai kuma su ajiye kwafi a ofis. In ƙarar wari ta zo, kafin a yanke cewa a kawar da dabbobin, a aiki wakili tare da duba-gari su ga wurin: mene ne aka shimfiɗa, dabba nawa ne a ciki, ina ɗakin yake daga katangar mai ƙara da rijiya, ina ake zubar da shara. A ba mai gida wa'adin mako biyu ya gyara, malami ya rubuta ranar, in ta cika a koma a duba.