Tafiyar Kaka Zuwa Daura

Akwai wani dattijo a unguwar Fagge ta Kano, sana'arsa ɗinki. Yana da 'ya guda wadda aka kai aure Daura. Da cikinta na fari ya tsufa, ta zo gida goyon ciki kamar yadda aka saba, ta haifi 'ya mace, ta yi wanka, bayan kwana 40 ta koma ɗakinta. Tun daga ran nan dattijo bai sake sa jikarsa a ido ba, sai dai ya ji gwarancinta ta waya. Da yarinya ta kusa shekara 2, ya ce wa matarsa, "Zumunci a ƙafa yake. Gobe in Allah ya kai mu, zan hau babur in je in gano su."

Matarsa ta ce, "To Malam, yarinyar nan ta isa yaye. Ka taho mini da ita." Bai ce ƙala ba.

Tun da yamma ya fito da babur ƙofar gida. Ya duba iskar taya da birki, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya cika tanki da fetur. Ya ɗaure tsaraba a baya da igiyar roba: gurasa, da alewa, da wata 'yar riga da ya ɗinka da hannunsa. Da ya idar da sallar asuba ya kifa hular kwano a kansa, ya kunna fitila saboda hazo, don lokacin hunturu ne, ya kama hanya.

Daga Kano zuwa Daura ya fi kilomita 100, hanyar kuwa arewa ta nufa. Ya wuce Dambatta hantsi bai yi ba. Da duwatsun Kazaure suka ɓullo, ya san ya bar jihar Kano ya shiga Jigawa, wadda aka cire daga jikin Kano a shekarar 1991. Nan ya tsaya gindin wata bishiya ya sha fura, ya bar injin ya huce. Daga nan ya miƙa, ya shiga jihar Katsina, kafin azahar ga shi a Daura, garin nan mai rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiya.

Surukinsa ya fito da sauri, ya tuɓe takalma, ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Yaya hanya?" 'Yarsa ta biyo shi, ga yarinya riƙe da gefen zanenta. Da yarinya ta hangi wani abu mai ƙaton kai baƙi, ba fuska, sai ta ƙwalla ihu, ta ɓuya bayan uwarta. Dattijo ya cire hular kwano, ya yi dariya ya ce, "Haba amarya! Na taso tun daga Kano dominki, ke kuwa kya guje ni?"

Haka kaka yake kiran jikarsa a ƙasar Hausa, don akwai wasa tsakaninsu. Uwa kuwa ba ta ko ambaton sunan 'yarta ta fari, saboda kunya. Abin da iyaye suke ɓoyewa na ƙauna, kakanni ne suke bayyana shi a fili.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka shiga gaishe-gaishe. Ana cikin tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, hankalin kowa ya ɗauke. Yarinya ta saki zanen uwarta, ta tafi dagwai-dagwai wajen babur. Ta ga wani dogon ƙarfe a gefensa yana ƙyalli kamar madubi, ta miƙa hannu. Allah ya sa idon dattijo ya kai. Ya yi wuf ya tashi, ya sure ta, saura ƙiris ta dafa shi.

Wannan ƙarfe shi ne salansa. Fetur yana ƙonewa ne a cikin injin, hayaƙinsa mai zafi kuwa ta nan yake fita. Ko an kashe babur, salansa takan daɗe ba ta huce ba, a ido kuma ba a gane mai zafi da mai sanyi. Dattijo ya ɗebo ruwa a buta ya yarfa mata, sai ta yi cuu, tururi ya tashi. Yarinya ta zare ido, ta ƙanƙame wuyan kakanta. Daga nan fa ba ta ƙara gudunsa ba. Ta ci gurasa a cinyarsa, ta ja gemunsa, aka sa mata sabuwar riga, ta yi mata cif.

Da dare, bayan an ci tuwo, ya faɗi saƙon matarsa. Suruki ya ce, "Ai Baba, taku ce. Sai a ɗora ta gabanku gobe, ku tafi da ita."

Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Ba a kan babur ba. Hannunta bai isa riƙo ba, ba hular da za ta zauna a kanta, in barci ya ɗauke ta kuma, hannuwana biyu suna kan kambu. Da me zan tare ta?" Ya san matarsa ta share ɗaki tana jira, ya san kuma zai sha mita in ya koma hannu rabbana. Duk da haka aka tsai da shawara uwar ce za ta kawo ta cikin mota ran Juma'a.

Kwana biyu ya yi. Ran komawa, da sassafe, kafin ya ta da injin ya ɗaga yarinya ya zaunar da ita kan tanki, ya kama ɗan yatsanta ya danna ƙaho. Ta yi ta ƙyalƙyala dariya, ta ce a sake, aka sake har sau uku. Sa'an nan ya miƙa ta ga uwarta, ya kifa hular kwano. Wannan karo ba ta yi ihu ba. Ta tsaya ƙofar gida tana ɗaga masa hannu, har ya sha kwana ya hau hanyar Kano.